Takalmi a Ƙofar Coci

Ranar da Afnan ta fara ganin Tassiou, yana tsaye ne da ƙafa ɗaya a kan matakalar bene, ɗayar tana ɗigar jini a kan kafet ɗin mutane.

Gidan wata tsohuwar Baturiya ne a Summerfield, Mis Loretta, irin gidajen nan da sai ka gaji da tuƙi daga bakin titi kafin ka isa ƙofa. Afnan ce ke kula da ita. Ta ba ta magani, ta gwada mata jini, ta kuma saurari tarihin kowane farantin tangaran da ke jere a falon. Farantan sun cika bango, kuma ba a taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsu ba.

A saman matakalar akwai doguwar taga ta gilashi mai launi, furanni ja da shuɗi, wadda reshen bishiya ya fasa lokacin wata guguwa. Ita aka kira mai gyara ya duba. Mai gyaran ya iso, ya cire takalminsa ya jera a bakin ƙofa, ya shigo da safa. Bai yi nisa ba ya ce, "Wash!"

Afnan tana kicin, tun safe ba ta zauna ba. Da wani abu ya ce da ba za ta leƙo ba. Amma Bature ba ya cewa wash.

"Bahaushe ne?" ta tambaya.

"Bahaushe ne, kuma ya taka gilashi."

Ta zaunar da shi, ta ɗauko matsefata da auduga, ta durƙusa tana tsaki.

"Kai da gilashi ne sana'arka, ka shigo inda ya fashe da safa?"

"Gidan tsohuwa ne, madmazel. A Damagaram in ka shiga gidan tsohuwa da takalmi, har jikokinka sai sun ji labari."

"Nan Amurka ce."

"Ni na sani. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Ta zaro wani ɗan siririn gilashi shuɗi. Za ta jefa a shara ya miƙo hannu da sauri.

"Ba ni abina. Wannan shuɗin ya girmi kakana, yanzu ba a samun irinsa."

Afnan ta yi dariya. Ita ce dariyarta ta farko a makon, ita kanta sai da ta yi mamakin jin ta.

Gyaran tagar ya ɗauki makonni. A nan ta koyi abin da ba ta taɓa neman sani ba: cewa guntayen gilashin nan dalma ce ke riƙe su, kuma ita ma dalmar tana gajiya. In ta yi shekaru tana ɗauke da nauyi sai ta saki, tagar ta turo tumbi, kamar yadda ya faru da wasunmu ba tare da mun ɗauki nauyin komai ba. Sai a sauke ta, a warware, a wanke kowane guntu, a mayar da sabuwar dalma.

Ranar da ya gama, ta miƙa masa kwali. Takalmin aiki ne sabo, mai kauri. A cikin ƙafa ɗaya ta saka matsefatar.

"Wannan na ciki ne," ta ce. "Kar ya taɓa taka ƙasar waje. Ka cire naka a ƙofa yadda ka saba, ka saka wannan. Na gaji da jinin mutane."

Tassiou ya daɗe yana kallon takalmin. "Bon," ya ce. "Mersi, Lokotoro."

Daga ranar sunanta ke nan a wurinsa, wato likita a bakin mutanen Nijar. Ita kuma ta sa masa Mai Safa.

Soyayyar tasu ta gajiyayyu ce. A garin nan na Greensboro kowa daga aiki ya fito ko aiki za shi, don haka ba a doguwar hira a zaure irin tamu ta da, wadda ma ba ta tsinana mana abin kirki ba. Sukan haɗu a wurin fakin na wani shagon kayan abinci a Gate City Boulevard, ita a cikin motarta, shi a tsaye a jikin taga, su yi magana har ɗaya ya fara hamma. Sauran kuwa a waya.

"Lokotorona, yau na ɗaga wani gilashi ga rana, sai na ga launin mayafinki na ranar Lahadi. Patron, mai shagonmu, ya ce me nake wa murmushi, na ce dalma."

"Mai Safa, ƙafafuna sun kumbura, Mis Loretta ta sake ba ni tarihin farantin Italiya. Amma na karanta saƙonka a banɗaki na ji sauƙi. Ka ci abinci?"

"Na ci burodi. In na same ki na daina cin burodi har abada."

"In ka same ni kai za ka riƙa dafawa, ni ina da shif a wurin aiki."

"Dakor, na yarda. Ki dai zo."

Mis Loretta tsufa ta yi, ba makanta ba. Ta gane komai, ta kuma yaba da aikin. Ita ta sa aka ba shagon da Tassiou ke aiki gyaran tagogin cocin da ta tashi a ciki, wani ƙaramin gini na jan bulo a bayan Pleasant Garden, wanda ƙaramin cikin masu zuwansa ya haura sittin.

A daidai lokacin ne Tassiou ya aika manyansa wurin mahaifin Afnan.

Alhaji Sanda mutumin Kano ne. Ya shafe shekaru yana ɗaukar fasinja daga filin jirgi, bayansa ya ƙage, maganarsa ta ragu. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya gaji da mamaki, yana so 'yarsa ta auri wanda ba sai an yi wa mutane bayaninsa ba.

Kuma akwai irin wannan a hannu. Muzammil, mai filin sayar da motoci, ɗan gidan mutunci, mai ƙamshin turare, wanda ke gaida Alhaji har ƙasa ko da a tsakiyar kanti ne. Laifinsa ɗaya: in ya zo wurin Afnan, labarin motoci yake yi, ita kuma ta riƙa gyangyaɗi.

Mahaifiyarta, Hajiya Bebi, damuwarta daban. Tun Afnan tana firamare take tara mata tangaran na jere, duk wanda zai zo daga gida sai ya riƙo kwali. Kwalayen suka cinye garejin, motar Alhaji ta koma kwana a waje.

"Ni dai a yi a gama," takan ce. "Ko wa za ta aura, ya zo ya kwashe."

Da maganar Tassiou ta zo, Alhaji ya yi abin da aka saba, ya sa a yi bincike. Ya ɗora wa Kawu Dabo, yayan Hajiya, mutumin da ke da lokaci fiye da kowa a Greensboro, wanda kuma akasarin lokacin a ofishin Muzammil yake kashe shi, yana shan shayi.

Kawu Dabo ya ɗauki aikin da gaske. Wata safiya ya bi motar aikin Tassiou daga nesa, har suka bar gari, suka wuce gonaki da manyan filaye, suka tsaya a gaban cocin. Ya laɓe a bayan wata bishiya. Ya ga yaron ya hau 'yar matakala, ya sunkuya, ya cire takalminsa, ya jera su tsaf a gefen ƙofa, ya shige.

Kawu bai shiga ba. Ya lallaɓa ya ɗauki hoton takalmin, gicciyen ƙofar ya fito sarai a sama, ya koma mota yana salati.

Da yamma ya baje hujjarsa a falon Alhaji.

"Alhaji, na san aiki, na san ibada. Ma'aikaci ba ya cire takalmi. Wanda ya zo gyaran famfo a masallacinmu da takalmi ya shiga, sai da muka yi masa ihu. Wanda ya cire kuwa, wurin ya shiga zuciyarsa."

"Kawu, a ko'ina cirewa yake yi!" in ji Afnan. "Akwai wani takalmin a ciki, ni na saya masa."

"Kin ji ko, Bebi? Har takalmin zuwa coci take saya masa."

"Baba, please..."

Alhaji Sanda ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallon hoton, yana murza goshi.

"Afnan, na kawo ki ƙasar nan ina tsoron abubuwa da yawa. Wannan ne na fi tsoro. A bar maganar."

Kafin magariba hoton ya bar gidan. Kawu ya tura wa Muzammil don neman shawara, Muzammil kuma, cikin alhini, ya tura guruf ɗin 'yan gari don a taya yaron da addu'a. Ranar Juma'a, waɗanda suka tsaya kusa da Tassiou a sahu sai da suka bar ɗan fili tsakaninsu da shi.

Afnan ta rubuta masa.

"Mai Safa, ka bar aikin cocin nan. Ko na ɗan lokaci ne, har Baba ya huce. Don Allah."

Ya rubuto mata amsa.

"Lokotorona, na riga na sauke tagogin. Katako ne a wurinsu, ga sanyi yana shigowa, mutanen duk tsofaffi ne. Patron hannunsa rawa yake yi yanzu. In na tafi babu mai mayarwa."

"To ni fa? Ni wa zai mayar da ni?"

"Ke ce hasken duk abin da nake yi. Amma in na bar aiki a buɗe na gudu, wane irin miji za a ba ki?"

Ta kife wayar, ta ce a ranta ya zaɓi taga. Shi kuma ya ga shiru, ya ce a ransa ta zaɓi mai motoci. Haka suka yi ta zama, kowa yana jiran ɗaya, kowa yana zuwa aiki da ido a kumbure. Mis Loretta ta fara tarihin farantin Italiya, ta dubi fuskar Afnan, ta yi shiru a tsakiya. Ba a taɓa ganin haka ba.

Hajiya Bebi ce ta gaji da shirun. Wata safiya ta ajiye wa Alhaji shayi, ta ƙi tafiya.

"Alhaji, Dabo yayana ne, na fi ka saninsa. Ya shiga ciki?"

"Ya ce bai shiga ba."

"To takalmi ya bincika, ba mutum ba. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ka je ka gani da idonka. In gaskiya ne, ni da kaina zan kira Muzammil ya zo ya kwashe kwalayen."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙara wa fasinja bayan ya tashi daga aiki. Ya ɗauki makulli, ya biya ya ɗauki Kawu Dabo.

Suka isa da hantsi. Motar aikin tana gefe a ƙarƙashin bishiyoyi. A bayanta akwai buta, da wani kwali shimfiɗe a ƙasa an danne shi da dutse, ya karkace ba daidai da ginin ba. Alhaji ya kalli karkacewar, ya kalli inda rana take, ya gane alƙibla kwalin ke fuskanta.

"Ga su nan!" in ji Kawu, yana nuna takalmin a bakin ƙofa. "Ban faɗa maka ba?"

Alhaji ya hau matakalar, ransa a ɓace, yana shirya kalmomin da zai faɗa. Ya tura ƙofar ya shiga, Kawu yana biye.

An mayar da tagogin ɓangare guda. Rana ta bugo ta cikinsu, ta zubar da ja da kore da shuɗi a kan kujerun katako da ƙasa, har a kan farar rigar Alhaji. Ɗaya ɓangaren duhu ne, katako ya toshe. Tassiou yana kan tsani da takalminsa mai kauri. Da ya ga masu shigowa ya sauko da sauri ya durƙusa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Ku tsaya nan don Allah, kar ku..."

"Kar ka ce mini Baba tukuna," in ji Alhaji, ya ƙara taku. "Wash!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa kujera. Sai a lokacin ya kalli ƙasa. Safa ce a ƙafarsa. Ya juya ya kalli Kawu Dabo. Shi ko safar babu, yatsunsa a waje, jan haske yana kansu.

Babu wanda ya tuna lokacin da ya cire.

Tassiou ya zaunar da shi, ya zaro matsefata daga aljihun gaba, ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa. Alhaji ya gane matsefatar. Ta gidansa ce, an daɗe ana nemanta.

"Yi a hankali," ya ce. Can kuma ya ce, "Me ya sa coci? Duk aikin da ke ƙasar nan?"

"Baba, sana'ar da na iya ke nan. Masu irin wannan taga a nan su ne coci-coci da gidajen masu hali. Masallatanmu tsofaffin shaguna ne, ko tagar kirki babu."

"Hotunan mutanen da ke jikin tagogin fa?"

"Fuska patron ke zanawa, ban taɓa ba. Ni dalma da furanni, da hana ruwa shigowa. Na tambayi malamai, bakinsu bai zo ɗaya ba. Ba zan ce muku hankalina a kwance yake kullum ba. Amma sallata tana waje a kan kwali, su ma sun sani. In lokaci ya yi, wata tsohuwa ce ma ke tuna mini."

"Ta ce ka bari, ka ƙi. A gabana take kuka."

Hannun Tassiou ya tsaya. "Na sani, Baba. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. In na rufe wancan ɓangaren, duk abin da kuka ce shi zan yi. Amma ba zan bar tsofaffi a cikin iska ba."

Ya zaro gilashin. Kore ne. Ya naɗe ƙafar da filasta.

Kawu Dabo ya matso yana raɗa. "Alhaji, mu tafi. Kar wani ya wuce ya ga takalmanmu a ƙofa, ka san mutane."

Alhaji Sanda ya dube shi. Sai ya miƙe, ya ɗingisa zuwa ƙofa. Ga su nan a jere tsaf: na yaron, nasa, da silifas ɗin Kawu. Ya ciro waya, ya ja da baya yadda gicciyen zai fito, ya ɗauka. Ya tura guruf ɗin 'yan gari, ya rubuta a ƙasa da yatsa ɗaya:

"Na tsakiya nawa ne. Na ƙarshe na Dabo. A taya mu da addu'a mu ma."

"Alhaji!" in ji Kawu. "Ina da iyali!"

Alhaji ya juyo wurin Tassiou. "Ban ce aikin ya kwanta mini ba. Za mu zauna da malam, ni da kai, mu daddale. Mutumin dai na gani. Ka gama tagoginka, ka turo manyanka. Kuma ka dawo mana da matsefatarmu."

Motar ba ta gama fita daga filin ba saƙo ya shigo wayar Tassiou.

"Mai Safa, na ga hoton. Ina dariya ina kuka, Mis Loretta ta ɗauka na zautu. Ka yafe mini shirun."

"Lokotorona, ni zan nemi yafiya. Babanki ya taka kore, ni na taka shuɗi. Ki ce wa Mama in za ta zo ta taho da takalmi."

An ɗaura auren da bazara, bayan an mayar da taga ta ƙarshe. Muzammil ya zo, ya yi kyauta mai tsoka, ya kuma samu wanda ya zauna kusa da shi ya ba shi labarin motoci.

Ranar jere aka kwashe garejin kaf. Ɗakin amaryar ƙarami ne, a wani bene a Gate City Boulevard, don haka tangaran ya hau bango, ya hau kan firji, ya shiga har inda ba a faɗa. Hajiya Bebi ta tsaya a tsakiya tana share hawaye, Alhaji kuwa ya shigar da motarsa gareji ya zauna a ciki shi kaɗai na ɗan lokaci. A tagar falon Tassiou ya rataya wata 'yar taga da ya haɗa da hannunsa, fure guda, a tsakiyarsa siririn shuɗi da siririn kore.

Ana cikin walima wata doguwar mota ta tsaya. Mis Loretta ce da tsofaffin cocin, da sandunansu, tana rungume da farantin Italiya a cikin tawul. Suka hau benen a hankali, suna hutawa. A bakin ƙofa suka tsaya. Afnan ta fito da gudu tana cewa su shigo haka nan, ba komai.

"A'a," in ji Mis Loretta da Turanci, tana dafa kafaɗar ango. "Mijinki bai taɓa shiga namu da takalmin waje ba."

Sai da aka ɗauki lokaci, don sunkuyawa a wannan shekarun ba wasa ba ce, wasunmu ma sun fara sani. Kawu Dabo ne ya durƙusa ya taya su kwance igiya, ya jera takalman tsaf kusa da na sauran jama'a, bai ɗauki hoto ba.

Afnan ta kalli jerin, ta jingina da ƙofa kusa da mijinta.

"Na gaji, Mai Safa."

"Ni ma, Lokotoro. Shigo mu gaji tare."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya huce musu gajiya, Ya kuma tsare ƙafafunsu daga abin da ido bai gani ba. Amin.